Me ya sa masu mulkin kama-karya suka ji tsoron ƙungiyar motsa jiki? Labarin Marie Provazníková da Sokol

Ranar 14 ga Agustan 1948, 'yan matan ƙasar Cekoslobakiya suka ci lambar zinariya a wasan lanƙwasa jiki na gasar Olamfik ta Landan, Hangari ta zo ta biyu, Amurka ta uku. Sai dai babu mai dariya a cikinsu. A ranar ce ɗaya daga cikinsu, Eliška Misáková, mai shekara 21, ta rasu a asibiti bayan cutar shan inna ta kwantar da ita jim kaɗan da isowarsu Ingila. Yayarta Miloslava tana cikin waɗanda suka fafata suka ci. Da aka zo ɗaga tutar ƙasarsu, sai da aka ɗaura mata baƙin ƙyalle. Kwanaki kaɗan bayan haka tawagar ta haɗa kaya za ta koma Prague, amma shugabarta ta ce ita kam ba inda za ta. Ta shaida wa 'yan jarida cewa a ƙasarta yanzu babu 'yancin magana, babu na jarida, babu na taro. Sunanta Marie Provazníková, shekarunta 57 a lokacin, kuma ita ake lissafawa a matsayin mutum na farko da ya yi amfani da gasar Olamfik ya tsere wa gwamnatin ƙasarsa.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka labarin wasanni ne. Amma matar nan lambar zinariya ba ita ce babban aikinta ba. Tun 1932 take jagorantar ɓangaren mata na wata ƙungiya mai suna Sokol, kuma saboda wannan ƙungiya ta bar gidanta da aikinta da ƙasarta. Gwamnatoci uku da ba su ga maciji da juna, wato daular Ostiriya, da 'yan Nazi, da 'yan kwaminis, kowacce ta hana ƙungiyar nan sakat. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: me ke cikin tsalle da miƙe hannu da har zai hana mai bindiga barci?

An kafa Sokol a Prague cikin Fabrairun 1862. Ma'anar sunan shaho. Mutum biyu ne suka ɗauki nauyin abin: Miroslav Tyrš, masanin falsafa da tarihin zane, wanda ya tsara atisayen, da Jindřich Fügner, attajirin da ya zuba kuɗinsa ya gina zauren farko. A lokacin babu wata ƙasa mai suna Cekoslobakiya. 'Yan Cek talakawan sarkin Ostiriya ne, Jamusanci ne harshen ofis da na manyan gari, harshensu kuwa ana yi masa kallon na ƙauye. Wani abin ban sha'awa, su kansu mutanen biyu a gidajen da ake Jamusanci aka haife su, kuma dabarar haɗa motsa jiki da kishin ƙasa daga Jamusawa suka aro ta, domin ƙungiyoyin Turner na Friedrich Ludwig Jahn sun riga su da shekara hamsin.

Tunanin Tyrš mai sauƙi ne. Ƙaramar al'umma da manya suka kewaye ba za ta yi taƙama da yawa ba, sai da ingancin mutanenta: lafiya, horo, da iya aiki tare. Saboda haka ɗan ƙungiya yakan zo zaure da yamma bayan aiki, sau biyu ko uku a mako. Ana ba da umarni da harshen Cek, har sai da Tyrš ya ƙirƙiro kalmomin da babu su a da. Lauya da maƙeri suna kiran juna "ɗan'uwa", mata kuma "'yar'uwa", ba tare da kalmar girmamawa da aka saba yi wa manya ba. Maza suna sa jar riga irin ta mayaƙan Garibaldi na Italiya da hula mai gashin shaho. A hankali kusan kowane gari ya gina zaurensa da kuɗin karo-karo, kuma zauren bai tsaya ga atisaye ba: a nan ake wasan kwaikwayo, a nan ɗakin karatu yake, a nan ake lacca da rawa da nuna majigi. Shugabanni kuwa, tun daga reshen ƙauye har hedikwata, zaɓensu ake yi, kuma mafi yawan masu koyarwa ba a biyansu ko sisi.

Amsar tambayar tana cikin wannan tsari. Ƙungiya ce da ke da rassa a dubban garuruwa, da gine-ginenta, da asusunta, da jaridunta, da mutanen da suka saba jin umarni su bi nan take, amma umarnin wanda su da kansu suka zaɓa. Gwamnati ba ta da hannu a ciki. Idan yau sun taru don atisaye, gobe za su iya taruwa don wani abu dabam, kuma sun yi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Ostiriya ta haramta uwar ƙungiyar a 1915, kuma 'yan Sokol da yawa suka shiga rundunonin sa-kai da suka yaƙi daular daga Rasha da Faransa da Italiya. Da aka ayyana 'yancin kai a Oktoban 1918, sabuwar ƙasa ba ta da cikakkiyar runduna, su ne suka yi gadin tituna da ma'aikatu a kwanakin farko. Shugaban ƙasa na farko, Tomáš Masaryk, shi ma ɗan ƙungiyar ne.

Mata ba su samu shiga da sauƙi ba. A 1869 aka kafa musu ƙungiya ta dabam a Prague, ƙarƙashin wata ɗalibar Tyrš mai suna Klemeňa Hanušová, kuma sai a 1901 aka bari suka fito fili a babban taron ƙungiyar. A cikin wannan yanayi aka haifi Marie, a Prague, ranar 24 ga Oktoban 1890. Ta shiga Sokol tun tana yarinya, ta girma ta zama malamar motsa jiki, ta yi ta hawa daga mataki zuwa mataki har ta zama jagorar mata ta ƙasa baki ɗaya. Zamaninta ne 'yan matan Cekoslobakiya suka yi tashe a duniya: sun ci gasar duniya ta farko da aka buɗe wa mata a Budapest a 1934, sun zo na biyu a Olamfik ta Berlin a 1936, sun sake cin gasar duniya a Prague a 1938, kuma Vlasta Děkanová ce gwarzuwarsu a shekarun. Provazníková ta kai har shugabancin kwamitin mata na hukumar wasan ta duniya.

Amma zuciyar Sokol ba gasa ba ce. Abin da suke kira "slet" ne, babban taron da ake yi duk bayan 'yan shekaru tun 1882. Yana da kyau a duba yadda ake shirya shi, domin a nan aikin Provazníková yake. Tun da sauran shekara ɗaya ko biyu za a tsara atisayen, a rubuta shi motsi bayan motsi, a haɗa shi da kiɗa, a buga a ƙananan littattafai a aika wa rassa. Masu koyarwa su zo kwas su koya, su koma garuruwansu. Daga nan matar da ta wuni a masaƙa ko a gona za ta shiga zaure da daddare, mai fiyano yana bugawa, ita da 'yan'uwanta goma ko ashirin suna maimaita abu guda har ya zauna a jiki. Sai gwaji na gunduma, sai na lardi. A ƙarshe jiragen ƙasa na musamman su kwaso su zuwa Prague, su kwana a azuzuwan makarantu. Filin Strahov da aka gina a kan tudu a 1926 yana ɗaukar 'yan kallo sama da 200,000, kuma faɗinsa ya kai a ce yau filayen ƙwallo takwas ne aka yanka a cikinsa. An kafa alama a ƙasa, layi-layi, kowa da tasa. Mata dubu goma sha, wani lokaci fiye, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, su shigo ta babbar ƙofa, kowace ta nemi alamarta, kiɗa ya tashi, hannaye su ɗaga lokaci guda. Ba wanda ya tilasta musu, kuma da kuɗinsu suka ɗinka kayan.

Taro na goma ya zo a bazarar 1938, Hitler ya riga ya haɗiye Ostiriya yana hararar Sudeten, yankin Cekoslobakiya da Jamusawa suka fi yawa. Mutum kusan 350,000 suka shiga, kuma atisayen maza an sa masa suna rantsuwa ga jamhuriya. Kowa ya gane saƙon. Wata uku bayan haka, a Munich, Birtaniya da Faransa suka sa hannu aka miƙa wa Jamus yankin ba tare da an harba harsashi ba, sannan ranar 15 ga Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga Prague.

Kada a ɗauka Sokol ƙungiyar waliyyai ce. Kishin ƙabila ne ginshiƙinta, kuma Jamusawa sama da miliyan uku da ke zaune a ƙasar ba su ga wurinsu a ciki ba. Suna da tasu ƙungiyar, kuma Konrad Henlein, wanda ya jagoranci Jamusawan Sudeten zuwa hannun Hitler, malamin motsa jiki ne a cikinta. 'Yan Katolika sun ware sun kafa Orel saboda suna ganin Sokol ba ta girmama coci, ma'aikata masu ra'ayin gurguzu su ma sun kafa tasu tun 1897. A ƙasar nan, zauren da mutum yake zuwa atisaye yana nuna ɓangarensa a siyasa. Akwai kuma masu cewa hoton dubban mutane suna motsi ɗaya bai yi nisa da abin da ake gani a tarukan 'yan Nazi ba. Daga sama, ta idon kyamara, gaskiya ne sun yi kama. Bambancin yana ƙasa: wa ya kira taron, kuma me zai samu wanda ya ƙi zuwa.

'Yan Nazi ba su ɓata lokaci wajen wannan muhawara ba. A Afrilun 1941 suka dakatar da ayyukan ƙungiyar. Da Reinhard Heydrich, babban jami'in 'yan Nazi, ya karɓi mulkin ƙasar 'yan Cek a ƙarshen Satumba, aka harbe jagoran maza, Augustin Pechlát. Daren 7 zuwa 8 ga Oktoba 'yan sandan Gestapo suka bi gida-gida da jerin sunaye suka kwashe shugabanni kusan 1,500, aka kai da yawansu kurkukun Terezín, daga nan sansanin Auschwitz. Shugaban ƙungiyar, Stanislav Bukovský, can ya mutu. Aka rushe ƙungiyar aka ƙwace dukiyarta. Waɗanda suka tsira suka koma ƙarƙashin ƙasa, suka kafa wata ƙungiyar asiri mai suna Jindra. Lokacin da aka sauko da wasu sojojin Cekoslobakiya biyu, Jozef Gabčík da Jan Kubiš, da laima daga Ingila don su kashe Heydrich, gidajen 'yan Sokol na cikin waɗanda suka ɓoye su suka ciyar da su, kuma wani malamin makaranta ɗan ƙungiyar, Jan Zelenka-Hajský, yana cikin manyan masu shirya musu mafaka. An kai harin ranar 27 ga Mayun 1942, Heydrich ya mutu bayan mako guda, ramuwar gayya kuma ta cinye iyalai sukutum, har da ƙauyen Lidice. 'Yan Sokol da suka mutu a yaƙin sun kai dubbai. Provazníková tana cikin manyan shugabannin da suka ga ƙarshensa da ransu.

Kisan bai kashe ƙungiyar ba. Da aka gama yaƙi a 1945 jama'a suka yi ta tururuwa, kafin 1948 mambobi sun haura miliyan ɗaya, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 12 da 'yan kai ba. Jam'iyyar kwaminis, wadda ta samu kashi 38 cikin ɗari a zaɓen 1946, ta san cewa in ban da coci babu wata ƙungiya mai wannan girma da ba ta hannunta.

A ganina nan ne labarin ya fi ɗaukar hankali, domin dabarar 'yan kwaminis ta fi ta Heydrich wayo nesa ba kusa ba. Bayan sun ƙwace mulki ranar 25 ga Fabrairun 1948, ba su haramta Sokol ba. Girmama ta suka yi. Suka ce daga yau duk wasannin ƙasar, ƙwallo da dambe da ninƙaya da na 'yan Katolika da na ma'aikata, za su koma ƙarƙashin inuwar Sokol. Wa zai ƙi irin wannan tayi? Amma tare da shi aka kafa "kwamitocin aiki" a cikin ƙungiyar, masu ikon korar duk wanda ba a yarda da shi ba. Shugaban da aka zaɓa, Antonín Hřebík, wanda ya tsira daga sansanin 'yan Nazi, ya sauka. Aka cika ƙungiyar da sababbin mutane har tsofaffin suka rasa rinjaye. Kamar a ƙwace wa mutum gida ne a bar sunansa a jikin ƙofa.

Provazníková ba ta sauka a lokacin ba, kuma ana iya tuhumarta da wannan. Ta ci gaba da shirya taro na goma sha ɗaya, wanda aka tsara yi a Yuni da Yuli, alhali sabuwar gwamnati tana shirin amfani da shi ta nuna wa duniya cewa jama'a na bayanta. Ni dai ban ga laifinta ba. Dubban ɗaruruwan mutane sun kwashe shekara biyu suna atisaye, yara da mata da tsofaffi, bayan shekara goma ba a yi taron ba. Da ta janye, da wani ne zai tsaya a wurinta, taron kuma ba zai fasa ba. Kafin ranar ta zo, an tsinci gawar ministan harkokin waje Jan Masaryk a ƙasan tagar gidansa cikin Maris, shugaba Edvard Beneš ya yi murabus a farkon Yuni, Klement Gottwald na kwaminis ya hau kujerar.

Kusan mutum rabin miliyan suka shiga taron. A ranar babban maci cikin titunan Prague, Gottwald yana zaune a rumfar manya yana jiran gaisuwa. Da ayarin ya iso gabansa, sahu-sahu suka juya fuskokinsu zuwa ɗaya gefen, wasu suka yi shiru, wasu suka yi ta kiran sunan Beneš da na Masaryk. Wannan ita ce babbar zanga-zanga ta farko da aka yi wa sabon mulkin a bainar jama'a, kuma mutanen da aka horar su juya kai lokaci guda ne suka yi ta. Gwamnati ba ta yafe ba. Aka fara kame, bayan jana'izar Beneš a Satumba abin ya tsananta, aka kori sama da mutum 11,000 daga ƙungiyar, wasu suka tafi kurkuku.

Tsakanin macin Yuli da kore-koren Satumba ne gasar Landan ta faɗo. Wato lokacin da Provazníková ta ce ba za ta koma ba, ta san abin da ke jiranta, ta kuma san cewa ƙungiyar da za ta tarar sunan kawai ya rage. Da ta koma, zaɓi biyu ne: ko ta ba da sunanta a ci gaba da yaudarar mutane da shi, ko a kore ta a rufe mata baki. Ta zauna 'yan watanni a Ingila, a farkon 1949 ta wuce Amurka, inda baƙi 'yan Cek suka kafa rassan Sokol tun 1865 a St. Louis. Ta koyar da motsa jiki, ta shiga aikin haɗa kan 'yan ƙungiyar da ke gudun hijira, ta yi rubuce-rubuce, ta horar da masu koyarwa. Mace ce da ta saba tsara wa dubun-dubata atisaye, ta koma aiki da 'yan tsiraru a ƙananan zaurukan baƙi, kuma ta yi haka shekara arba'in. 'Yan gudun hijirar sun ci gaba da yin nasu tarukan a birane irin su Vienna da Zurich.

A gida kuwa abin da ta hango ne ya faru. Daga 1952 aka sake fasalin wasanni bisa tsarin Tarayyar Sobiyet, kafin ƙarshen shekarun 1950 uwar ƙungiyar ta ɓace, sunan Sokol ya rage a kan ƙananan kulob na ƙauyuka. Amma gwamnati ba ta yar da babban taron ba, don ta ga amfaninsa. A 1955 ta dawo da shi a filin Strahov ɗin nan da sabon suna, Spartakiáda, ana yi duk shekara biyar. Alamomin ƙasa su ne dai, dabarar ita ce dai, kuma da yawa daga cikin masu tsara atisayen tsofaffin malaman Sokol ne, domin su kaɗai suka iya. Yanzu dai makaranta da masana'anta da bariki ne ke turo mutane, jam'iyya ce mai taro. Ba kowa ne ya je bisa dole ba, akwai tsofaffi har yau da ke tuna shi da daɗi. Amma gwamnatin ta san iyakar abin da ta gina: bayan tankokin Sobiyet sun shiga ƙasar a Agustan 1968, ba ta yarda ta tara jama'a a Strahov a 1970 ba.

A shekarar 1968 ɗin an yi yunƙurin farfaɗo da Sokol, mamayar ta shaƙe shi. Wata biyu bayan mamayar, a Olamfik ta Meziko, Věra Čáslavská, wadda ta gaji waɗancan 'yan matan a wasan, ta sunkuyar da kai ta kau da fuska lokacin da ake taken Tarayyar Sobiyet. Ita ta koma gida, aka hana ta aiki da tafiye-tafiye shekaru da dama. Wanda yake son ya auna abin da Provazníková ta guje wa, ya duba rayuwar Čáslavská a shekarun 1970.

Mulkin kwaminis ya faɗi a Nuwamban 1989, a Janairun 1990 aka sake kafa Sokol a Prague. Provazníková tana raye ta ji labari, tana da shekara 99. Ta cika ɗari a Oktoba, ta rasu ranar 11 ga Janairun 1991 a Schenectady ta jihar New York. Taro na goma sha biyu sai a 1994 aka yi shi, shekara 46 bayan wanda ta shirya, kuma tun daga nan ana yi duk shekara shida, na baya-bayan nan a 2024. Ƙungiyar ta sha shari'a kafin ta karɓo zaurukanta da aka ƙwace, wasu ma ba su dawo ba. Mambobinta yau ba su kai 200,000 ba, yawanci yara da iyayensu da tsofaffi, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na yawan da ta kai bayan kisan 'yan Nazi. A 2019 majalisar dokokin Jamhuriyar Cek ta sanya 8 ga Oktoba cikin ranakun tunawa na ƙasa, saboda kamen 1941.